Barmo na Tashar Jirgi

Ina cikin jirgin ƙasa a Amurka, a tashar Howard Beach zan sauka in yi wa wani rakiya filin jirgin sama, sai gyangyaɗi ya kwashe ni. Ina buɗe ido na ga ruwa dama da hagu, na fara kalmar shahada da ƙarfi, Turawa suna kallona. Jirgi na tsayawa na diro. Wani mai shara ya jingina da tsintsiyarsa ya ce, "Bakano, sauke numfashi, gada ce." Haka na san Barmo, a shekarar 1993.

Broad Channel sunan tashar, 'yar ƙarama a kan tsibiri, iska ta ko'ina. Jirgin da ake kira A yana tsayawa, ga kuma wani guntu mai kai mutane Rockaway Park. Barmo ya haddace tarihinta: tsohuwar gadar katako ta ƙone a 1950, birni ya karɓi layin ya gyara, aka buɗe bayan shekara shida. Tsuntsayen teku sukan jefo ƙumba a kan siminti don ta fashe su ci, shi kuma ya bi ya share, yana zaginsu da Faransanci.

Mutumin Gaya ne ta Nijar, gidansu masu kwalekwale ne kaka da kakanni. Da ya samu takardu ya samu aikin nan, sai ya aika kaset gida, ya ce yana aiki a tashar jirgi, a bakin ruwa. A Gaya kuwa jirgi ɗaya suka sani, na ruwa. Kafin wata ya ƙare an naɗa shi sarkin jirgin Amurka a bakin mata, matarsa Safiatu har guɗa aka yi mata.

Shekara huɗu bai gyara zancen ba, ga shi Safiatu na tafe. Mutanenmu na unguwar Bronx suka zauna, suka ce ya ɗauki hutu, ya tsaya a kantin ɗayanmu, Kassim, da babbar riga, kamar nan yake aiki, har ta saba da gari, kada ta aika gida cewa ta tarar da shi da kwandon shara. Ni aka aika, wai bakina ya fi kaifi.

Na same shi yana kankare kashin tsuntsu a benci. Na gaya masa saƙo, bai ɗago ba. Ya ce daga filin jirgi tasha guda ce, nan zai fara kawo ta, da kayan aikin a jikinsa.

Na ce, "To sarkin jirgi, in ta tambayi ina kwalekwalen fa?"

Ya miƙe, ya share hannu a wando.

"Na ce tasha, ga tasha. Na ce jirgi, ga shi nan tafe. Ruwa kuwa ya fi na Gaya. Kai mai gadi da ka rubuta wa mutanen Kano kana aikin banki, gaya mini, daga cikin ƙofar kake tsayawa ko daga waje?"