Tokar da Ba Ta Huce Ba

Akwai wata babbar salla da na yi a Jidda wadda ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ban ci naman layya cikin jama'a ba, ban shiga gidan kowa barka da salla ba. A gaban wani akwatin ƙarfe cike da toka na wuni. Bari in ɗauko zancen daga tushe, don ni ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Daga Damagaram na zo ƙasar nan ina saurayi. Na yi dako a tashar jiragen ruwa har bayana ya ƙi, sannan kamfanin da ke riƙe da iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ya tura ni ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. Aikina wanke kwalabe da goge tebura, ɗauko wannan, ajiye wancan. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma ina karanta lamba, kuma in aka nuna min abu sau ɗaya ba a sake nuna min.

A shekarar akwai wani ɗalibi ɗan Indunusiya, irin waɗanda mutanen Jidda ke kira 'yan Jawa. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, Ammi yake ce min, wato baffa. Shi ya kawo wata baƙar ƙasa daga garinsu a cikin akwatunan sanyi, da takardun izini. Ya ce min ba ƙasa ba ce irin tamu. Ganyaye ne da itatuwa da suka ruɓe a cikin fadama shekaru aru-aru. In aka janye ruwan fadamar don a yi gona, sai ta bushe, in wuta ta kama ta kuwa, ba sama take ci ba, ƙasa take nutsawa. Babu harshe, sai hayaƙi. Mutum zai taka wuri yana ganin lafiya, alhali ƙarƙashinsa garwashi ne. Iskar da take fitarwa tana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, shi kuma so yake ya san yawan da kowane kilo yake fitarwa.

Yadda muke yi ke nan. Da farko a auna nauyin ƙasar. Sai a sa ta cikin akwatin ƙarfe mai tagar gilashi, a kunna ta daga sama. Wani bututu yana jan hayaƙin zuwa na'ura, na'urar tana nuna lamba. Lokaci-lokaci a cika wata jaka mai ƙyalli da iskar, a ɗaure bakinta, a ajiye. In wutar ta mutu, a auna tokar. Da ya lura da salla nake tsara yinina, sai ya daina ba ni awa, ya ce, “Ammi, bayan kowace salla, jaka ɗaya.” Kuma kullum sai ya maimaita min magana guda: kada in yarda da idona. Sai lambar ta sauko ta zauna daidai da ta iskar ɗaki, sannan wuta ta mutu.

Yanzu sai in faɗi halin da nake ciki a gida, in ma gida za a kira shi. Ɗaki ɗaya ne a unguwar Sa'alaba. Matata ta rasu, ta bar min 'ya ɗaya, tana aure a unguwar Madain Fahd. 'Yar fari ce, saboda haka tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, “ke” nake ce mata, kamar yadda na ga ubana yana yi da yayana. Bayan rasuwar uwarta, ta ce in tattara in dawo gidansu, akwai ɗaki. Na ce mata namiji ba ya zama a gidan surukinsa. Ni a wurina kunya ce da mutunci. Ita kuwa haifaffiyar Jidda ce, tana ganin ƙawayenta suna rungumar iyayensu maza suna sumbatar goshinsu. Ta ɗauka gudunta nake yi. Daga nan zumuncinmu ya koma gaisuwar waya: lafiya, lafiya lau, a gai da yara. Na saba da cin fulu da tamis, wato wake da gurasa, ni kaɗai, na ce wa raina abin da ya mutu ya mutu.

Ana saura 'yan kwanaki salla sai ga wayarta. “Ya Baba, ranar Idi za mu yanka. Ka zo gada.” Gada abincin rana ke nan a bakinsu. Ta ƙara da cewa, “In ba ka zo ba, halas, shi ke nan, ba zan sake tambaya ba.” Na san ta. Halina ta ɗauko. Na ce in sha Allahu, na kai farar rigata wurin mai guga.

A makon ne muka kunna ƙasa ta ƙarshe, wadda ɗalibin ya ce daga gefen gonar mahaifinsa aka yanko ta. Ba a jima da kunnawa ba aka kira shi daga gida. Wuta ta kama fadamun yankinsu, hayaƙi ya rufe gari, tsohon ba ya iya numfashi, an kai shi asibiti. Ya zo ya same ni riƙe da jakar tafiya, idanunsa jajur. Malaminsa yana aikin hajji, sauran ɗalibai sun tafi hutu. “Ammi, babu wata bayan wannan. In aka kashe na'ura kafin ta mutu, duk aikin ya lalace. Amma kafin salla za ta ƙare, ina tsammani.” Na ce ya tafi ya ga mahaifinsa, amana ta zama tawa.

Ranar Arfa na duba, sama duk ta zama farar toka. Na ce alhamdu lillahi, gobe sai awo. Da safe na yi Idi a masallacin kusa, na shiga da farar rigata don in kashe na'ura in kama hanya. Babu hayaƙin da ido zai gani. Amma lambar tana nan sama, har tana ɗan motsi kamar mai numfashi.

Mai gadin ginin, wani Bahaushe haifaffen nan, ya leƙo yana cin dabino. “Ya Hajji, wannan ai ta rasu tun jiya. Jana'iza kake jira a yi mata? Yalla, kashe ka tafi, nama na sanyi.”

Na ce, “Lamba ba ta sauka ba.”

“Lamba! Wallahi mai ƙasar ma ya manta da ita. Wa zai sani?”

Gaskiyarsa, babu wanda zai sani. Kuma ba a barin akwatin yana ci babu mutum a kusa. Na tsaya da hannuna a kan makunnin, ina tuna muryar 'yata. Sannan na janye hannun, na kira ta. Na yi mata bayani daki-daki, yadda na iya. Ta saurara har na gama, ta ce, “Ya'ani saboda turɓaya, ya Baba?” Ta kashe wayar.

Ban taɓa jin shiru irin na wannan yinin ba. Gini duk babu kowa, sai ƙarar fankar da ke jan iska. Na yi azahar a kan kwali, na cika jaka, na ɗaure. Na zauna ina kallon tokar, ina tunanin tsohon da ban taɓa gani ba yana neman numfashi a wata ƙasa, da matata, da ɗakin da zan koma. Na sa a raina na rasa yarinyar nan ke nan, kuma da hannuna.

Bayan la'asar na ji hayaniya a ƙofa. Mai gadi ne yake cewa, “Mamnu'u, ya ukti, ba a shiga da abinci!” Sai ga 'yata ta shigo, ta bar masa kular abinci a hannu, mijinta yana jira a mota. Ko gaisuwa babu.

“Ina take? Ina son in ga wadda ta fi ni.”

Na nuna mata. Ta leƙa ta gilashin, ta juyo. “Wannan toka ce, ya Baba. Toka!”

Ban iya gardama da baki ba, ban taɓa iyawa ba. Na ce ta kawo hannunta kusa da gindin akwatin, kada ta taɓa. Ta miƙa, sai ta janye da sauri. Ta sake miƙawa a hankali, ta bar shi a wurin. “Wallah da zafi,” ta ce. Na ce mata haka take, sama ta mutu, ciki yana ci, kuma ba a sani sai an matso.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, “Irinka ce sak.” Muryarta ta karye a ƙarshen maganar.

A nan ne na kira sunanta. Karo na farko ke nan da ya fita daga bakina, ya fito da nauyi kamar ba Hausa ba. Na ce ta je ta karɓo kular kafin mai gadi ya cinye. Ba zan rubuta sunan a nan ba, wannan kunyar har yau tana nan. A kan bencin mai gadi na ci naman, tana tsaye tana min faɗan rigar da na ɓata da toka.

Washegari lambar ta sauko ta zauna. Na kashe na'ura ni kaɗai, na auna tokar, na jera jakunkunan bi da bi. Mahaifin ɗalibin bai tashi ba, Allah ya jiƙansa. Yaron ya dawo a rame, ya ƙarasa aikinsa, ya koma ƙasarsu, ban sake ganinsa ba.

Har yau ina ɗakina na Sa'alaba, ban koma gidan suruki ba, kuma yawancin dare ni kaɗai nake cin abincina. Amma ranar Juma'a akwai inda ake jirana. Abin da na koya shi ne, kada ka yanke wa abu hukuncin mutuwa don ka ga toka a samansa. Kuma in kai ne tokar, kada ka jira sai an kawo hannu. Ba kowa ne zai taso daga Madain Fahd ranar salla ya duba ko da sauran zafi ba.