Amshin da Bai Jira Mama Angelina Ba

Duk wanda ya san Sunusi Ashafa a unguwar Hulme ta Manchester ya san abu ɗaya ne ke tayar masa da jijiyar wuya: a yi waƙa ba a sauraren juna. Ɗan Tudun Wadan Zariya ne, a shagon kawunsa ya tashi yana kwafar kaset, na wa'azi da na bege da na coci, duk wanda aka kawo. Karatun injiniya ne ya kawo shi Manchester, masu ɗaukar nauyinsa suka manta da shi tun ba a je ko'ina ba, shi kuma ya ƙi komawa gida hannu rabbana. Ya samu aiki a wani ɗan ɗakin ɗaukar murya na ƙaramar hukuma, a bayan cibiyar matasa. Nan ya yi shekaru yana ɗaukar 'yan Islamiyya in Maulidi ya zo, da mawaƙan coci in Kirsimeti ta zo, yana yi wa kowa faɗa daidai wa daida.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. Aka rufe ɗakin karatu na unguwa, aka rufe wurin wasan yara, sannan aka ce su ma ƙarshen wata za a sa musu kwaɗo. Waɗanda suka yanke hukuncin ko ƙofar wurin ba su taɓa leƙawa ba, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Ana cikin haka Mama Angelina ta kira shi daga Birmingham. 'Yar Kagoro ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ita ta koya wa zumuntar matan coci ta garuruwan biyu kusan duk waƙar da suka iya.

"Sunusi ɗana, za su yi mini operation a maƙogwaro," in ji ta. "Doctor ya ce magana ma sai an yi sa'a, balle waƙa. Ka zo ka ɗauki muryar tun tana nan."

Ya hau jirgin ƙasa da rikodar wurin aiki, ya same ta a ɗakinta na Selly Oak. Ciwon ya riga ya ja muryar ƙasa, ta yi kauri, numfashin ya gajarta. Sai ta ɗauki waƙar can ƙasa, a hankali, tana barin fili bayan kowane baiti don 'yan amshi. Sunusi bai taɓa jin ta yi waƙa mai daɗin wannan ba, har sai da ya kau da kai. Suka shirya matan Manchester za su cike amshin a ɗakinsa kafin a rufe, a haɗa faifai guda.

Ranar ɗauka matan suka iso cikin anko, da tulunsu na kiɗa da cakinsu, kowace ta kafa ɗaurin ɗankwali har ya rufe kunne. Ya miƙa musu abin sawa a kunne don su riƙa jin Mama suna bin ta. Celestina, shugabarsu, ta dube shi sheƙeƙe.

"Malam Sunusi, ɗaurin nan tun safe ake fama da shi, kuma za a yi photo bayan mun gama. Ba za mu ɓata shi da headphone ba."

"Madam, in ba ku ji ta ba, wa za ku amsa wa?"

"Waƙar da muka iya tun kafin ka zo UK? Kai dai danna abinka."

Suka rataya su a wuya kamar sarƙa. Celestina ta ɗauko waƙar can sama, inda Mama ke ɗaukar ta lokacin tana da lafiya. Tulu ya shiga, jiki ya yi zafi, kuma waƙar zumunta haka take, tana tafiya tana ƙara gudu. Sunusi yana bayan gilashi yana ɗaga hannu, yana buga tebur, babu wadda ta kalle shi. Ya tsayar da su, suka sake, suka yi abin da ya fi na farko muni. Kafin ya gama masifa maigadi ya zo da makullai, mata suka fita ɗaukar hoto suna yaba wa junansu.

Da ya jera muryoyin biyu a kwamfuta, Mama tana tsakiyar baiti amshi ya riga ya wuce, ita tana ƙasa su suna sama. Ya gwada jawo matan ƙasa, tulun ya koma kamar ana dukan katifa, muryoyin suka koma gurnani. Murya guda ta fi sauƙin juyawa, Celestina kuma ta dame shi da waya, wai faifan za a raba a babban taron zumunta. Yana tsaki yana zagin kansa, ya ja muryar Mama sama, ya matse ta har ta kamo gudunsu. Ta zauna daram, sai dai ta sirance, kaurin nan da nauyin numfashin duk sun tafi. Ya buga faifan, ya ce washegari zai kwashe ainihin muryar ya ajiye mata daban.

Washegari Juma'a ce. Ya dawo daga masallaci ya tarar da ɗakin wayam, sai ramukan ƙusa a bango. Motar hukuma ta zo tun kafin ranar da aka faɗa, ta kwashe kwamfuta da rikoda. Ya bi su ofis yana huci. Wata mata ta gaya masa cikin fara'a cewa ƙa'idarsu ce a goge komai kafin a yi gwanjo, kuma an riga an goge. Abin da ya gaya mata bai kamata a maimaita ba.

Bayan an yi wa Mama aikin, ya je duba ta a asibiti a Edgbaston. Wuyanta a naɗe, ta rame, amma da ta ga faifan idonta ya yi haske. Ya sa mata a kunne, ta lumshe ido tana kaɗa yatsa a kan bargo har waƙar ta ƙare. Sannan ta yafito shi, ya sunkuya, don abin da ya rage mata bai wuce raɗa ba.

"Yarinyar nan ta iya waƙa. 'Yar wa ce?"

Ta dafa hannunsa tana murmushi.

"To yanzu sa mini nawa in ji."