Keken surfanin Baba Illiya

Kwalin yana kan sikeli Faisal ya shigo ya dafe shi da hannu biyu. "Wannan ba ya fita. Halas, magana ta ƙare." Har yau ranar tana idona, ina wata na takwas a teburin karɓar kaya na ofishinmu na kargo a unguwar Bagdadiyya, Jidda.

Keken surfani ne a ciki, na Baba Illiya, tela ɗan Maraɗi da ya tsufa a unguwar Ammariyya a nan Jidda. Ya rasu ran Litinin, jirgin kayan Nijar kuma Alhamis zai tashi. A jikin kwalin an rubuta sunan 'yarsa Rakiya da ke Maraɗi, wadda ta koyi surfani take ta jiran keken. Faisal ƙanenta ne, haihuwar Jidda. Takardar wasiyyar da ya bari ba ta ambaci keken ba, don a wurin tsohon ya riga ya bayar.

Faisal ya ce da ni, yana cakuɗa Larabci, "Ya ukhti, kayan na ƙasar Saudiyya, yani gado ne. A sayar a raba."

Sai ga kawunsu a waya daga Maraɗi, murya har bakin titi: "Mamacin ɗan Nijar ne, 'yar tana Nijar, alƙalin nan ne zai yi magana! Kai da ko Hausar ba ta ishe ka ba!"

"Kawu, ta ishe ni in ce a'a."

Mudir ɗinmu, wato manaja, Ustaz Haruna, ya ce a sauke kwalin, ya kira lauyan da ke duba mana takardu. Lauya bai ja zance ba. Ya ce abin da ke ajiye a Jidda, in rigima ta tashi, kotun nan ce za ta duba, ba ta Maraɗi ba. Kuma tambayarta ɗaya ce: an karɓi kyautar kafin mai ita ya rasu? In ba a karɓa ba, ta koma gado.

Faisal ya yi murmushi. Rakiya ko filin jirgi ba ta taɓa takawa ba.

Na ce, "Ustaz, a ba ni minti biyu." A fom ɗinmu akwai layin mai kawo kaya, wanda yawancinmu ke tsallakewa. Ni ban tsallake ba. Ba Baba Illiya ne ya kawo keken ba, ƙanwarsa ce, Goggo Hadiza, kwana tara kafin rasuwar. Na rubuta lambar iƙamarta, wato katin izinin zamanta, na kuma rubuta "wakiliyar Rakiya", domin abin da ta faɗa mini ke nan.

Muka kira ta. Ta zo da wayarta ta kunna saƙon muryar Rakiya: "Goggo, ki karɓa mini a hannun Baba." Ta kunna na biyu, muryar tsohon da kansa: "Na damƙa wa Hadiza, ya fita hannuna."

Lauya ya ce hannun wakili hannun mai shi ne. Faisal ya ce a sake kunna masa muryar babansa. Da ta ƙare ya goge ido, ya ɗauko salatif ya ƙara naɗe kwalin da kansa. "Yalla, ku auna."

Abin da na koya: mutanenmu suna kyauta da baki, suna mutuwa a ƙasar wasu, kuma dokar inda kayan suke ba ta san abin da ke zuciyar mamaci ba sai an nuna mata. Ku da iyayenku ke zaune a nan, abin da suka ce sun ba ku, a hannun wa yake yau?