Tayar da Ba Ta Yi Zafi Ba

Mun tashi daga Gaya ana idar da sallar asuba, ni da ƙanina direba, za mu Lome sayen akori-kura ta hannu don ɗaukar albasa. Muka ƙetare gadar kan iyaka, muka bi ta Kandi da Jugu, muka faɗa Togo. Hanyar ta ba ni sha'awa: kwalta lafiyayya, daji kore shar, doya jibge a bakin titi kamar ba mai so. A Atakpame aka tsayar da motoci kusan awa guda, matan jam'iyya na gwajin rawa, kowacce da atamfa mai hoton shugaban ƙasa. Ba wanda ya yi gunaguni, mu ma muka tafa. A Notse abarba uku dala ashirin ce, ƙanina ya sha har leɓensa ya tsage.

Rana ta uku muka sauka Zongo, unguwar Hausawan Lome. Sai ka rantse ba ka bar gida ba, illa Hausarsu ta sha Faransanci da Turancin Gana. Mai masaukinmu malamin allo ne, kakansa Bakatsine. Ya tarbe mu da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da yaji mai sa hawaye.

Da safe dillali ya kawo motar. Fara fes, inji na kaɗawa sumul. Ni dai na riga na saya a zuciyata, amma Malam ya ce, "Alhaji, a kai wa Baba Fita tukuna." Fita suke ce wa makaniki.

Muka same shi ƙarƙashin mangwaro a hanyar Agoè, dattijo gajere, tabaransa ɗaure da zare. Ko inji bai buɗe ba. Ya ja da baya ya tsuguna, ya daɗe yana kallon motar daga baya, ya ce ta karkata hagu. Ya danna kowace kusurwa da ƙarfi ya saki. Uku suka tsaya cak, ta huɗu ta yi ta lilo. Ya shige ƙasa da wuƙa, ya kankare baƙin maiko a jikin sifirin, ya kira ni in leƙa. Ƙarfen ya taɓa karyewa, an yi masa walda, an rufe da maiko.

Sai ya sa ƙanina ya taka birki ya riƙe. Ƙafarsa ta dinga nitsewa a hankali har ƙasa. Muka zaga da motar wajen kasuwar Assiyéyé, yana ta cewa a taka, a saki, kowane taku tana fizgewa dama. Da muka dawo ya kama hannuna ya ɗora kan ƙarfen kowace taya. Uku da zafi. Ta gaban hagu sanyi ƙalau, cikinta jiƙe da man birki.

"Ka ji, ɗana? Wannan barci take yi."

Dillali ya matso ya raɗa masa wani abu. Dattijon ya amsa da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Na san motar mijin 'yata ce. To, sai me? Mutanen nan dutsen Alejo za su bi da ita."

Da la'asar mai motar ya zo, kai a sunkuye, ɗauke da sabon sifirin. Kwana biyu Baba Fita yana aiki, ba ya miƙewa sai an kira salla. Bai ba mu makulli ba sai da ya taka birkin da ƙafarsa, ya sake taɓa tayoyin huɗu.

Muka ɗoro gishiri muka kamo hanya. Bayan Sokode muka hau dutsen Alejo, muka ratsa ta tsagin da aka sare cikinsa, muka fara gangara. A kwana ta biyu sai ga tirela ta lalace a tsakiyar hanya, mutane zaune a inuwarta, hagunmu rami ne. Ƙanina ya taka. Motar ta durƙusa, ta tsaya sak, ba ta kauce ko taku ɗaya ba. Tsakaninmu da wata mata mai goyo bai kai tsawon tabarma ba. Ta ɗago ta dube mu, ta gyara goyonta. Ƙanina ya kifa kai a sitiyari yana salati.

Mun iso Gaya lafiya ranar Laraba, maƙwabta suka fito suna shafa motar. Abin da na koyo shi ne, in za ka sayi mota, fara tambayar yadda take tsayawa kafin yadda take gudu, kuma ka nemi wanda zai faɗa maka gaskiya ko da za ta ɓata masa da nasa. Matar nan ba ta san Baba Fita ba, shi ma bai san da ita ba. Ni na san su duka biyu, shi ya sa yake cikin addu'ata.