Ƙafar da Ta Fita da Ni Daga Masallaci

Aikina a kamfanin fata na Challawa aikin ƙafa ne. Injin guga muke ce masa, wani ƙaton ƙarfe mai faranti biyu masu zafi, shi yake danne fatar da aka gama jemewa ta fito sumul. Mutum biyu ke tsayawa a kansa. Ɗaya ya shimfiɗa fata a ƙarƙashin farantin, ya bi ta da tafin hannu ya miƙe duk inda ta tattare, ya zare hannu ya ce, "Hannu ya fita." Ɗayan ya duba ya ce, "Na gani," sannan ya taka feda, farantin sama ya sauko. Ni ne mai takawa. Mai shimfiɗawa kuwa wani Badamagare ne, siriri, mai yawan dariya. Shekara tara muna fuskantar juna, kuma da yake Bakano da Badamagare abokan wasa ne, ba a yin awa guda ban tsokane shi ba ko shi bai tsokane ni ba.

A makon farko na azumin wata shekara, maƙwabcina a Panshekara ya karkato da kwatar gidansa ta gindin katangata. Na yi masa magana, ya ce ai ruwa ba ya tambayar hanya. Kai! Wannan amsa ta tsaya mini a wuya. Na tafi aiki da ita, ina tsaye a gaban inji ina ta shirya abin da zan gaya masa a gaban mai unguwa: in ya ce kaza in ce kaza, in ya ɗaga murya in tuna masa wanda ya fara gini a layin. Ina tsakiyar cin nasara a kansa sai na ji ihu. Ashe bakina ya ce "Na gani," ƙafata ta taka, alhali Badamagare bai buɗe baki ba tukuna. Allah ya taimake shi ya fizge hannu, amma farantin ya tafi da kan ƙaramin yatsansa na hagu.

Na bi shi asibiti, na bi shi ɗakinsa, na ba shi haƙuri har muryata ta dushe. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, kuma na san da gaske yake. Amma ya gaya wa oganmu cewa ba zai ƙara sa hannunsa a ƙarƙashin ƙafata ba. Oga ya kira ni ya ce in zauna a gida sai bayan Sallah. In Badamagare ya sauko, shi ke nan. In bai sauko ba, ba wanda zai yarda ya tsaya da ni, kuma kamfani ba ya ajiye mai taka feda da ba shi da abokin tsayuwa.

Zaman gida ya zame wa kowa masifa. In yara suka yi dariya in daka musu tsawa. In na tayar da sallah, sai na sallame in tambayi kaina ko uku na yi ko huɗu. Tsoro ya fara kama ni, na ce ko dai kaina ne ya fara taɓuwa. Wata rana bayan shan ruwa mai ɗakina ta ajiye kofin kunu ta ce, "Baban yara, ka shiga i'itikafi mana bana. Ka samu lada, mu ma mu samu mu sha iska." Na harare ta. Da safe kuma na je na ba da sunana.

Ga wanda bai taɓa yi ba: i'itikafi shi ne ka tare a masallaci goman ƙarshe na azumi, nan ne cinka, nan ne barcinka, ba ka fita sai ban-ɗaki da wanka. Masallacin Juma'ar da na shiga yana bakin titin da ke shiga wajen kamfanoni. Ranar ashirin ga wata, kafin rana ta faɗi, na shiga da tabarma, da bargo, da buta, da Alƙur'ani. Aka karɓe wayoyinmu aka zuba a wata jaka. Mai kula da mu wani dattijo ne ɗan asalin Challawa, manomi, wanda ya ce gonar mahaifinsa tana ƙarƙashin wani sito yanzu. Kowa Malam yake ce masa. Ba ya dogon wa'azi. In ya ga mutum yana jan carbi da gudu sai ya ce, "A hankali, ba biyan ka za a yi da dozin ba."

Kwana uku na farko, wallahi, azaba na sha. Na ɗauka in jiki ya zauna zuciya ma za ta zauna. Ina! Shiru ya yi yawa, sai maƙwabcina ya samu fili. Ina karatu yana tsaye a kan shafin da kwatarsa. In na kore shi sai yatsan Badamagare ya zo. Ga wani ɗan kasuwa kusa da ni mai minshari kamar janareta, ga sauro. Na ce a raina wannan ba wurin hutawa ba ne, an dai kulle ni ne da mutumin da na fi gajiya da shi, wato ni.

Rana ta huɗu, bayan azahar, ina zaune na jingina da ginshiƙi. Daga masallacin ana jin jiniyar kamfanoni sarai, wadda ake busawa biyu saura kwata don masu aikin rana su karɓi na safe. A lissafin juyin aikinmu, makon nan ni mai aikin rana ne. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban san lokacin da na zura takalmi ba. Hankalina bai dawo ba sai da wata tirela ta danna mini oda, na ganni a gefen titi kusa da mai faci, na ɗaga hannu ina tsayar da adaidaita sahu, carbi a ɗaya hannun. Mai adaidaitan ya tsaya ya ce, "Ina za ka, Malam?" Na ba shi haƙuri, na ce ya wuce.

Na dawo masallaci da sauri. Kunya, da haushi, da tsoro duk suka haɗu mini. Na samu Malam a inuwar baranda ta ciki yana ɗinke bakin tabarmarsa, na durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, na fita."

"Ban-ɗaki?"

"Titi. Har na tsayar da abin hawa."

Ya ɗago ya dube ni. "Jiniya ce?"

Na ce, "Ya aka yi kuka sani?"

Sai ya yi dariya har allurar ta faɗi daga hannunsa. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce, "Malam, ni fa ba abin dariya ba ne a wurina. Ina jin kaina ne ya lalace."

Ya ce, "Kanka lafiya lau. Ba shekarar da ba a yi mana haka. Bara wani mai aikin kamfanin roba na Sharada sai da ya kai ƙofar kamfaninsu, maigadi ne ya tambaye shi ina katinsa. Ku ma'aikata an horar da ƙafafunku, su suke jin jiniya kafin ku ji."

Makonni biyu ina ɗauke da tsoron hauka ni kaɗai, ko mai ɗakina ban gaya wa ba, sai ga tsoho ya sauke mini shi yana neman allura a ƙasa.

Na tambaye shi hukuncin i'itikafin. Ya ce a karatun da ya yi, fita ba larura tana ɓata shi ko da mantuwa ce, ko da yake akwai malaman da suka yi sauƙi. Ya ce in sake niyya kafin rana ta faɗi, in ɗauka yau na shigo. Na ji zafin kwana ukun nan, na fara ƙorafi. Ya katse ni.

"Bar wannan. Lokacin da ƙafarka take sa takalmi, kai kana ina?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Ina gaban mai unguwa, muna shari'ar kwata."

"Ka ci?"

"Kullum ni nake ci."

"To ai ka ga amfaninta," in ji shi.

A nan na ba shi labarin yatsan. Bai yi dariya ba wannan karon. Sai ya nuna mini dokin ƙofar masallacin. Ya ce tun ina yaro aka koya mini shiga masallaci da ƙafar dama, fita da hagu, ban-ɗaki kuma a juya. Ya ce yanzu in tambayi kaina, yau da wace ƙafa na shigo? Ban sani ba. Ya ce to ga aikina na sauran kwanakin. Duk ƙofar da zan ƙetare, in tsaya, in san ƙafar da zan ɗaga, in ji ta ta sauka. In jiniya ta busa, kada in yi faɗa da ita, in zauna inda nake, in ji tabarma a ƙarƙashin tafin ƙafata, in ja numfashi uku ina ambaton Allah, har ta yi shiru. In zuciya ta gudu wajen kwata, kada in zage ta, in jawo ta kawai kamar yadda ake jawo akuya daga gonar mutane. Ta sake gudu in sake jawowa.

Na raina abin, gaskiya. Na zo neman babban magani an ba ni aikin 'yan makarantar allo. Amma ba ni da wani abin yi, sai na yi. Washegari da jiniya ta busa na ji cinyata ta motsa da kanta, kamar wani ya taɓa ni. Wannan motsin shi ne ya cinye yatsan mutum, kuma shekara da shekaru yana tare da ni ban taɓa kama shi yana yi ba. Na danna tafin ƙafata a tabarma na zauna. Haka na riƙa yi a alwala, ina jin sanyin ruwa a kowace gaɓa, da lokacin shan ruwa, ina tauna dabino ɗaya har in san dabino na ci. Ba zan yi ƙarya ba, maƙwabcina bai daina zuwa ba. Sai dai yanzu ina ganin shigowarsa, wani lokaci har in ce masa, ka dawo ke nan, to zauna can.

Aka ga wata, muka naɗe tabarmi. Bayan hutun Sallah oga ya aiko in zo. Ya ce Badamagare ya yarda a gwada mako guda, ba don komai ba sai don an haɗa shi da wani sabon mai takawa da bai iya ba.

Ranar Litinin na same shi a gaban inji, yatsan a naɗe. Muka gaisa kamar baƙi. Sai na ga ya zo da wata 'yar sanda mai faɗin kai, da ita yake tura fata yana miƙe ta daga nesa, hannunsa ba ya ƙetare bakin farantin. Abin ya soke ni ƙwarai, amma me zan ce? Ni na jawo. Na sauke ƙafata daga kan feda gaba ɗaya, na ajiye ta a siminti. Sai ya yi magana, na dubi hannayensa biyu da idona, sannan in ɗaga ta in taka, in mayar da ita ƙasa. Sanda ba ta miƙe fata kamar hannu, aiki ya yi ta tafiyar hawainiya, wasu fatun suka fito da layi. Oga ya zagayo sau biyu yana tsaki. Ran Talata tunani ya ɗebe ni, na kama kaina a hanya, na ce, "Tsaya, ba na nan." Na ja numfashi, na ce mu ci gaba. Badamagare ya dube ni ta wutsiyar ido, ya ci gaba da tura fata. Laraba ma sanda. Alhamis da safe sanda. Na fara tunanin inda zan nemi aiki a Bompai ko Dakata.

Alhamis ɗin, wajen sha ɗaya, aka kawo wata fatar sa mai faɗi, ta tattare a tsakiya. Ya tura da sanda, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. A daidai lokacin wani daga sashen rini ya leƙo yana tambayarsa ko a sayo masa shinkafa da wake. Badamagare ya jingina sandar da bango, ya zura hannayensa biyu har gwiwa a ƙarƙashin farantin, yana lallashin fatar da tafinsa, kansa a juye yana cewa a sa masa yaji da yawa, kada a sa mai kamar na jiya. Ko kallona bai yi ba. Ina tsaye ina kallon hannayen nan a cikin inji, ina jin sanyin siminti ta cikin takalmina, idona ya cika da ƙwalla. Ya gama, ya zare, ya ce hannu ya fita, na duba na taka, fatar ta fito ba layi ko ɗaya.

Na ce masa ina zuwa. Na zagaya bayan sito na tsuguna na yi kuka sosai, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata, ina cewa Alhamdu lillahi ina share hanci da hannun riga. Daɗi ne kawai, da sauƙi, kamar an zare mini ƙaya. Na wanke fuska na koma, ya ce me ya samu idona, na ce hayaƙin rini ne.

Da aka tashi, mai shara ya ɗaga sandar ya ce ta wane ne. Badamagare yana sa rigarsa, ya ce, "Tafi da ita, ka ba mai ƙosai ta hura wuta."