Tanko Mai Danja Uku

Malam Tanko Sanda bai iya zama ba. Ko a kan tabarma yake, za ka ga ƙafarsa ɗaya tana laluben takalmi. Matarsa Hansai takan ce tun aurensu ba ta taɓa ganin ya shanye koko a zaune ba.

Daga Giwa ya zo Kaduna yana saurayi, ya koyi aikin lantarki, gwamnati ta ɗauke shi, ya kama ɗaki biyu a Kurmin Mashi. A 1988 aka danƙa masa danja uku da ke jere a babban titin da ya wuce Unguwar Shanu ya nufi Kawo. Kowace da akwatinta na ƙarfe a gindi, kowane akwati da agogonsa, babu wayar da ta haɗa su. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai su tashi lokaci guda, mota ta bar kore a ta farko ta tarar da ja a ta biyu. Nan Tanko zai hau babur ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kashe ya kunna yana duban agogon hannu, har kowace ta ba da kore daƙiƙa arba'in bayan ta gabanta. Haka takardar ofis ta ce. An auna arba'in ɗin ne da Fijo, ranar Lahadi, titi wayam.

Shekara uku yana bin arba'in, cunkoso sai ƙaruwa yake. Wata Laraba shugabansa, Injiniya Bello, ya kira shi.

"Tanko, ƙorafi ya ishe ni. Ranar Litinin zan bi titin da kaina. In yana nan yadda yake, a kashe fitilun a sa masu ba da hannu, kai kuma ka koma sito."

Sito! Kujera, tebur, da kwalayen ƙwan lantarki daga safe har la'asar. Tanko ya fito jikinsa na ƙaiƙayi.

Kashegari da hantsi aka ɗauke wuta aka dawo da ita, tayar babur ɗinsa kuma ta sace a danja ta farko. Ya jingine shi, ya faɗa gaban wata bas.

"A'a, yau mai danja ne a motata?" in ji direban, Lawan. "Malam, ka san yawan addu'ar da muke yi maka kullum?"

"Ja mu tafi, sauri nake."

"Saurin me? Ai jar danjarka na can tana jiranmu."

Aka ba su kore. Tanko ya dubi agogo, don ya riga ya zame masa jiki. Arba'in ta cika, su ko suna bakin Unguwar Shanu, wata dattijuwa tana shigo da daron gyaɗa, bas biyu sun tokare a bayansu, ƙananan motoci sun yi layi suna ta oda. Da suka iso ta biyu, daƙiƙa sittin da biyar ce, ja ta kama.

"Kullum sai kun tsaya a bakin Unguwar Shanu?"

"To a ina za mu ci abinci? A ofishinku?"

Kwana uku Tanko yana hawan bas, ya je ya dawo, ya je ya dawo, yana rubuta lamba a tafin hannunsa. Sittin da uku. Saba'in. Sittin da biyar. Hansai ta ga tawada ta hana shi sa hannu a tuwo sai ya wanke. Ranar Litinin da sassafe ya mai da tazarar sittin da biyar, bai nemi izinin kowa ba.

Ƙarfe takwas Injiniya Bello ya iso danja ta farko da Fijo, ya ce Tanko ya shigo. Su ne a sahun gaba. Kore na kamawa ya taka mota, ya iso ta biyu ya tarar da ja. Ya buga sitiyari.

"Kai! Wannan ne gyaran?"

Tanko ya waiga baya. "Ranka ya daɗe, a dubi madubi."

Basa-basai ne ke tahowa a jere, da ayarin motoci a bayansu. Kafin ta gaba ta taka birki, kore ta kama. Lawan ya wuce su ta gefe, ya leƙo da kai: "Mai danja, yau ka ci albarkacin iyayenka!" Suka bi ayarin, ta uku ma suka wuce ba tsayawa.

Da suka kusa Kawo, Injiniya ya dubi Tanko.

"Takarda arba'in ta ce."

"Takarda ba ta ɗaukar fasinja, ranka ya daɗe."

"Hm. Ka zo ofis ka rubuta mini. A tsaye ma in ka ga dama."

Da azahar ya koma gida. Hansai ta ajiye masa abinci, ta yi mamaki da ta ga ya naɗe ƙafa ya zauna. Ya kai loma biyu, sai fanka ta soma rage gudu, ta tsaya.

"Malam, ka dai ƙarasa."

"Rufe mini," in ji shi, yana neman ɗayan takalmin.