Ƙunar Salansa da Ta Kusa Raba Ni da Ƙafata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu turo saƙo suna cigiyata, na gani, ku yafe ni. Ina asibiti ne, daga baya kuma ina gida ina koyon tafiya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawal. Bazazzagi ne ni, ina tuƙa bas a London, muna zaune a Lewisham da matata Hadiza da 'ya'yanmu biyu.

Shekara goma sha biyar da aurenmu ba mu taɓa fita hutu mu biyu ba. Bana muka bar yara wajen ƙanwarta, na yi mana booking zuwa wani tsibiri a Thailand.

A can ko'ina baburan haya ne jere a bakin titi. Mai shagon da na je haya bai tambaye ni lasisi ba, fasfo kawai ya duba ya miƙo makulli. Hadiza ta ce, "Baban Amira, ni dai ba zan hau ba, kai ma da ka haƙura." Na yi dariya. Ni da na yi acaɓa a Zariya ina ɗalibi?

Da silifa da gajeren wando na hau.

A wata kwana da ke gangarawa bakin teku akwai yashi a kan kwalta. Tayar gaba ta zame, babur ya kwanta a kaina, salansa ta manne min a ƙwauri. Ƙunar ba ta kai tafin hannu ba. Na tashi na kakkaɓe, na sayi filasta na rufe. Na ce wa Hadiza ƙujewa ce kawai, don gudun kada ta ce ai ta faɗa.

Washegari har teku na shiga da ƙunar.

Kwana uku da dawowarmu London ƙafar ta fara zugi. Sai zazzaɓi, sai rawar sanyi. Na sha farasitamol na tafi aiki. Na yi shift biyu, wato aikin kwana biyu, a haka. Rana ta uku takalmi ya ƙi shiga.

Hadiza ce ta ɓare filastar da kanta. Ta kalli ƙafar, ta kalle ni, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Tashi mu tafi."

A sashen gaggawa na asibiti wata likita ta ɗauko biro ta zagaye inda ya yi ja. Bayan awa ɗaya ta dawo, jan ya tsallake layin ya doshi gwiwa. Daga nan na ga kowa ya fara sauri. Aka ɗebi jini, aka sa ruwa, aka yi hoto.

Likitan tiyata ya zauna a gefen gadona ya ce, "Ƙwayar cuta ce ta shiga, tana cin nama da sauri. Za mu yi ƙoƙari mu ceci ƙafar, amma ranka ne a gaba." Takardar da na sa wa hannu akwai izinin yanke ƙafa a ciki.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Kalmar shahada kawai nake maimaitawa har suka sa min abin barci.

Sau uku aka shiga da ni tiyata a mako ɗaya, ana yanke ruɓaɓɓen nama. Na yi kwana huɗu a ICU, ɗakin kulawa ta musamman, waɗanda ban san na yi su ba. Duk farkawa, abin da nake fara yi shi ne in leƙa ƙarshen bargo in ga ko tudun ƙafa biyu ne.

A nan aka gano ina da ciwon suga. Ya daɗe a jikina ban sani ba, shi ya ba cutar hanya.

Amira, 'yata mai shekara goma sha biyu, ta tambaye ni da Turancinta ko za a yanke. Na ce sai abin da Allah ya yi. Ta juya wa bango fuska.

Mun ɓoye wa Hajiyarmu a Zariya har mako biyu. Da na kira ta, kafin in yi magana ta ce, "Lawal, jikina ya ba ni. Faɗa min gaskiya." Na faɗa mata, muka yi kuka tare a waya.

Daga ƙarshe aka yanko fata daga cinyata aka dasa a ƙwaurin. Wankin ciwo kullum da safe, ba na so in tuna. Mako shida na yi a gado, sannan sanda biyu, sannan ɗaya.

Asibiti ban biya komai ba, alhamdulillah. Amma albashi ya ragu, Hadiza ta ƙara shift a wajen aikinta, ga yara, ga hawa da ni bene zuwa flat ɗinmu da ke hawa na sama. Har yau ba ta taɓa ce min "ai na faɗa maka" ba. Allah ya saka mata da Aljanna.

Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya. Na gode wa 'yan uwa da suka riƙa kawo tuwo da kunu asibiti, da waɗanda suka sa aka yi min addu'a bayan Juma'a a masallacin Regent's Park.

Shawarata: in kun je hutu, kada sauƙin samun babur ya ruɗe ku. In ba ku da lasisinsa, ku hau tasi. Inshorar tafiya ma sau da yawa ba ta biyan wanda ya hau ba lasisi. In dole ne, a sa hular kwano da takalmi da dogon wando. Ciwo komai ƙanƙantarsa a nuna wa likita, kada a shiga teku da shi. Ku je a auna muku suga. Kuma kada ku ɓoye wa iyalinku ciwo.

Yau ina tafiya da ƙafafuna biyu, da ɗan ɗingishi. A gadon da ke kusa da nawa a asibiti akwai wani dattijo ɗan Jamaica da ya zo da irin ciwona, ya makara da kwana biyu. Shi an yanke tasa. Ranar da aka sallame ni ya riƙe hannuna ya ce in taka a madadinsa.

Ku sa shi a addu'a. Allah ya ba marasa lafiya lafiya.